Rubu'in Tanki

Famfon Tres Lagos ya bushe.
An rataya masa kwali a wuya: babu mai sai Talata.
Ni da jikata Maite muka tsaya muna kallonsa
kamar masu jan guga ya fito da yashi.
Allura na kan rubu'i.
Tsakaninmu da gari na gaba akwai tafiyar wuni,
tsakuwa, da iskar Patagoniya mai ture babban mutum.

Maite ta ce a ƙure totur, mu isa kafin ya ƙare.
Shekarunta sha tara.
A zatonta ƙishirwa aba ce da ake tsere wa da gudu.

Na ɗauko littafin Anselmo daga aljihun mota,
bangonsa duk shatin yatsu da baƙin mai.
Shekara ashirin da shida ya tuƙa wannan ɗaki mai taya huɗu,
gadonmu a baya, murhunmu a gefe,
bai taɓa barin mu a daji ba
sai ranar da ya bar mu gaba ɗaya.

Shafi na tara, da rubutunsa mai karkata:
Taka totur yadda yaro ke taka bayan kakarsa.
A ƙasa kuma, da jan biro:
Abin da totur ya sayo, birki ke zubarwa.

Muka kwana a bayan gidan man, iska na jijjiga mu.
Na ce ba za mu yi kokawa da ita ba,
motar nan faɗin goshi gare ta,
kowane mari da ta sha, tanki ne ke biya.
Da asuba iskar kan gaji ta kwanta. Mu jira.

Kafin gari ya waye na ɗaga bonet, Maite na riƙe da tocila.
Na zaro sandar awo, na goge, na mayar, na sake zarowa:
man na tsakanin zane biyu, launin zumar da ta ji wuta.
Ruwan lagireto, inji da sanyinsa, ya kai wuya.
Matatar iska muka kaɗe a jikin dutse
har ta yi tarin ƙurar mako guda.
Tayar baya ta hagu ta yi laushi.
Maite ta yi ta buga famfon ƙafa tana ƙunƙuni,
na ce taya mai yunwa a tanki take cin abinci.

Muka zubar da rabin ruwan wanka.
Itacen wuta muka bar wa mai gidan man.
Duwatsun da Maite ta tsinta a bakin tafki, goma sha ɗaya,
ta zaɓi ɗaya, ta jera sauran a gefen hanya.
Kujerar ƙarfen Anselmo ta fi su duka nauyi.
Ta kalle ta, ta kalle ni.
Ba mu sauke ta ba.

Na miƙa mata makulli.
Giya ta biyar da wuri, saba'in, kada ki ƙara.
Gilasai a rufe. In kin hango gangara, ɗaga ƙafa,
bar giya a ciki, ƙasa ta ja mu kyauta.
Garken guanako ya tsallaka can nesa,
ta saki totur tun daga nan, ba ta taɓa birki ba,
na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, na yi shiru.

Jar fitila ta kama saura kilomita talatin.
Ba wanda ya yi magana. Injin kaɗai,
da muryarsa ta tsohon da ya san hanya.

Muka gangara cikin gari, allura kwance kamar matacciya.
Yaron famfo ya leƙa, ya yi fito.
Maite ta karɓi littafin, ta nemi shafin da ba rubutu,
ta tambaye ni yau nawa ga wata.